Alhaki Kwikwiyo Ne: Tarihin Manɗiƙi da Hukuncin Ɓarna, Daga Dabbar Kiwo Zuwa Ƙirƙirarriyar Basira

1.0 Gabatarwa

A daren 18 ga Maris, 2018, wata mota mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tura kekenta tana tsallaka titi a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, matar ta rasu. Akwai ma'aikaciya zaune a kujerar direba, aikinta shi ne ta sa ido, ta karɓi sitiyari idan ta ga matsala. Rahoton hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wanda ya fito a 2019, ya nuna abubuwa uku. Na'urar motar ta hango matar fiye da daƙiƙa 5 kafin karon amma ta kasa gane cewa mutum ce mai tsallaka titi. Kamfanin ya kashe birkin gaggawa na ainihin motar. Ita kuwa ma'aikaciyar hankalinta yana kan wayarta. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi kamfanin da laifi ba, ma'aikaciyar ce aka gurfanar, kuma a 2023 ta amsa laifin jefa rayuwa cikin haɗari.

To, a wuyan wa alhakin wannan rai yake? Wannan tambaya ita ce masana manɗiƙi da masana shari'a suke ta fama da ita tun da ƙirƙirarriyar basira ta fara shiga harkokin jama'a. Manufar wannan takarda ita ce a bi tarihin tambayar. Za a fara da kalmomi da jimlolin da Bahaushe yake ɗora alhaki da su, sannan a duba yadda ilimin manɗiƙi ya shigo ƙasar Hausa, da yadda fiƙihun Malikiyya ya yi hukunci a kan ɓarnar dabba da rijiya da bango. Daga nan za a duba sauyin da mota da inshora suka kawo, har zuwa dokar da ake gudanarwa daga birnin Libreville na Gabon. Daga ƙarshe za a zo ga manɗiƙin zamani da abin da ya iya warwarewa.

2.0 Alhaki a Bakin Bahaushe

Kalmar alhaki aro ce daga Larabci, tushenta ɗaya da hakki. Wanda aka zalunta yana da hakki, wanda ya yi zaluncin ya ɗauki alhaki. Kalmar laifi ma daga Larabci take, tushenta ɗaya da aibu. Bayan waɗannan, Hausa tana da jerin kalmomi da ke auna yadda zuciyar mai aiki take a lokacin da ɓarna ta auku:

(a) da gangan: ya nufi abin, ya kuma aikata shi;
(b) ganganci: ya san akwai haɗari, ya yi biris, kamar a tuƙin ganganci;
(c) sakaci: ya kamata ya kula, bai kula ba;
(d) kuskure: ya nufi wani abu, ya dace da wani;
(e) tsautsayi: babu niyya, babu kuma abin da kulawa za ta hana.

Ɗalibi ya lura cewa "da gangan" da "ganganci", duk da kamarsu, matakai biyu ne daban.

Nahawu ma yana da nasa rabon. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Audu ya fasa tulu.
(2) Tulu ya fashe.
(3) An fasa tulu.
(4) Audu ya sa Binta ta fasa tulu.
(5) Audu ya bar tulu ya fashe.

A rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa a 1960 zuwa giredi 7, "fasa" yana giredi na 1, "fashe" kuma yana na 4. Jimla ta (1) ta fito da aikau fili. Ta (2) ta kawar da shi gaba ɗaya, sai ka ce tulun ne ya ga dama. Ta (3) ta yarda akwai mai aiki amma ta ɓoye shi. Ta (4) ta kawo mutum biyu, mai sawa da mai aikatawa. Ta (5) kuwa ta ɗora wa Audu abin da bai hana ba. Wanda ya ce "kuɗi sun ɓace mini" da wanda ya ce "na ɓatar da kuɗi" labari ɗaya suke bayarwa, amma na farko yana neman tausayi ne, na biyu ya miƙa wuya. Haka direba yake cewa "mota ta ƙwace mini", ma'aikacin banki kuma ya ce "kwamfuta ce ta ƙi". Za a ga a gaba cewa bambancin da ke tsakanin waɗannan jimloli biyar shi ne masana manɗiƙi suka shafe shekaru suna neman rubutawa da alamomi.

3.0 Shigowar Manɗiƙi Ƙasar Hausa

Manɗiƙi shi ne ilimin ƙa'idojin da ke tsare tunani daga kuskure, wato yadda za a gane ko sakamako ya biyo bayan hujjojin da aka gina shi a kansu. Asalinsa daga Girkawa ne, musamman Aristotle, aka fassara shi zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa. Imamu Gazali (ya rasu 1111) shi ne ya buɗe masa ƙofar ilimin shari'a, domin ya sanya gabatarwa a kan manɗiƙi a farkon littafinsa na usulu, al-Mustasfa.

Wanda sunansa ya fi fitowa a tarihin wannan ilimi a yankinmu shi ne Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan a Aljeriya ta yau. Ya zo Kano wajen 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya rubuta masa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, ya zauna a Katsina, sannan ya wuce Gao wajen Askiya Muhammadu. Al-Magili yana da waƙe a kan manɗiƙi mai suna Minah al-Wahhab, wanda aka riƙa karantawa a Tambutu. Ya kuma yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar (ya rasu 1505), wanda yake ganin haramun ne a shagala da manɗiƙi tunda daga waɗanda ba Musulmi ba ya fito. Hujjar al-Magili, a taƙaice, ita ce manɗiƙi hanya ce ta tantance gaskiya, kuma da hujja ake auna magana, ko daga bakin wa ta fito. Ahmad Baba na Tambutu ya adana labarin wannan muhawara a littafinsa Nail al-Ibtihaj.

Bayan haka littattafai biyu daga Magrib suka yaɗu a zaurukan karatu na Afirka ta Yamma: Mukhtasar na Shehu Sanusi (ya rasu 1490), da as-Sullam na Abdurrahman al-Akhdari, wanda aka tsara wajen 1535. Wannan Akhdari shi ne mai ƙaramin littafin ibada da almajirai suke farawa da shi. Malaman ƙasar Hausa ba su tsaya ga karatu kawai ba. Muhammadu bn Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya shahara da littafinsa na 1732 a kan hatimai na lissafi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, ya tsara waƙe a kan manɗiƙi mai suna Manh al-Ƙuddus, bisa littafin Sanusi, ya kuma yi masa sharhi. A daular Sakkwato, Abdulƙadir ɗan Tafa (1804–1864), jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa.

Abin lura a nan shi ne, malamin da ya karanta manɗiƙi shi ne dai yake karantar da Risala da Mukhtasar, wani lokaci kuma shi ne alƙali. Ilimin auna hujja da ilimin ɗora alhaki sun zauna a zaure ɗaya.

4.0 Dabba, Rijiya da Bango a Fiƙihu

Fiƙihu ya kasa ayyukan mutum gida biyar: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi da haram. Waɗannan hukunce-hukunce suna hawa kan mukallafi ne kawai, wato baligi mai hankali. Dabba ba mukallafiya ba ce, saboda haka ba ta da zunubi. Amma dabba tana tafiya da ƙafarta, tana zaɓar inda za ta sa baki, tana kuma ɓarna. A nan ne malamai suka fara fuskantar matsalar abu mai motsi da kansa wanda ba shi da alhaki.

Mafitar da suka bi ita ce raba laifi da lamuni. Laifi yana buƙatar hankali da niyya. Lamuni kuwa, wato wajabcin biyan abin da aka ɓata, yana rataye ne da faruwar sababi. Shi ya sa idan yaro ƙarami ko mahaukaci ya ɓata dukiyar wani, ba shi da zunubi, amma za a biya daga dukiyarsa. Shihabuddin al-Ƙarafi (ya rasu 1285), babban malamin Malikiyya na Masar, ya bayyana a littafinsa al-Furuƙ cewa abubuwa uku ne ke jawo lamuni: ɓata abu kai tsaye, zama sanadin ɓata shi, da ɗora hannu a kan abin wani ba bisa amana ba. Wani abin sha'awa game da al-Ƙarafi shi ne, ya ba da labarin cewa shi da kansa ya ƙera wata ma'ajiyar kyandir mai nuna sa'o'in dare, da siffar zaki wanda idanunsa ke sauya launi, da siffar mutum da ke fitowa da asuba da yatsa a kunne, sai dai ya kasa sa shi ya yi magana.

Ga wasu hukunce-hukunce da suka shafi batunmu, kamar yadda suke a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu 996), da Mukhtasar na Halilu:

Na farko, dabbar da ke tare da mutum. Mai hawa, da mai ja, da mai kora, su ke lamunce abin da dabbar ta taka. Idan kuwa ta yi ɓarna ba tare da wani ya yi mata komai ba, ɓarnar ta tafi a banza.

Na biyu, dabbar da ta shiga gona. Asalin hukuncin shi ne shari'ar taguwar Bara'u bn Azib, wadda ta shiga wata gona a Madina. Tsaron gona da rana yana kan mai gona, ɓarnar dare kuma tana kan mai dabba. Malaman mazhaba sun ƙara da cewa ko da rana ne, idan an saki dabbobi kusa da gonaki, ko akwai makiyayi tare da su ya yi sakaci, to akwai lamuni.

Na uku, bangon da ya karkata da kare mai cizo. Idan an gargaɗi mai su, ya kuma sami lokacin gyara bai gyara ba, ya lamunce abin da suka ɓata. Gargaɗi ya mai da tsautsayi sakaci.

Na huɗu, haɗuwar sanadi da aiki kai tsaye. Idan wani ya haƙa rijiya, wani dabam ya tura mutum ciki, galibi mai turawa ake kamawa. Amma Malikiyya ba su saki mai sanadi a ko'ina ba: wanda ya riƙe mutum domin a kashe shi, da wanda ya tilasta wa wani yin kisa, hukuncin kisa yana hawa kansu tare da wanda ya aikata.

Na biyar, diyyar kisan kuskure. Raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma dangin mai kisan na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya cikin shekara 3. Wanda aka yi wa rashi ya sami hakkinsa, nauyin kuma bai karya mutum ɗaya ba.

Hukuncin dare da rana shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Hikimarsa ita ce an ɗora tsaro a kan wanda ya fi ikon yin tsaron a wannan lokaci. Da rana manomi yana gonarsa, dabbobi kuma dole su fita kiwo. Da dare manomi yana barci, makiyayi ne ke da ikon ɗaure dabbarsa. Wannan tunani yana nan a tsarin burtali, da kuma ranar sakin gonaki da hukumomi suke sanarwa a Jamhuriyar Nijar bayan an kwashe amfanin gona: kafin ranar nauyi yana kan makiyayi, bayanta ya koma kan manomin da ya bar amfaninsa a fili.

5.0 Zamanin Turawa: Mota da Inshora

Bayan Ingilishi sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun bar kotunan alƙalai suna aiki, amma ƙarƙashin sa idonsu. Ba a daɗe ba aka ga cewa tsarin biyu ba su auna niyya da mudu ɗaya. A wata shari'ar kisan kai daga Gwandu a 1947, kotun Sarki ta yanke hukuncin kisa bisa Malikiyya, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma kuma ta soke shi, domin a dokar Ingilishi tunzurawa tana rage girman laifin. Irin wannan saɓani na cikin abin da ya kai ga kundin dokokin laifuka na Jihar Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, aka kuma gina shi bisa na Sudan.

A ɓangaren Faransa, dokar farar hula ta 1804 ta ɗora wa mutum alhakin ɓarnar dabbarsa a sashe na 1385, da ta abubuwan da ke ƙarƙashin tsaronsa a sashe na 1384. Da injuna suka yawaita, sai kotuna suka faɗaɗa wannan sashe. A 1896 an yi hukunci a kan tukunyar injin wani jirgin ruwa da ta fashe ta kashe ma'aikaci. A 1930, a shari'ar wata yarinya da babbar mota ta kaɗe, kotun ƙoli ta ce mai tsaron abu yana da alhaki ko da ba a tabbatar ya yi kuskure ba. A 1941 kuma ta fayyace cewa mai tsaro shi ne wanda amfani da abin, da juya shi, da iko a kansa suke hannunsa. Wanda ya karanta Risala zai tuna da mai hawa da mai ja da mai kora. Ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar da Gabon, sun gaji wannan tsari.

Mataki na gaba shi ne inshorar dole. Nijeriya ta kafa dokar inshorar motoci domin kare wanda aka kaɗe tun 1945. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, an rattaba hannu a birnin Yawunde ranar 10 ga Yuli, 1992 a kan yarjejeniyar da ta kafa CIMA, hukumar inshora ta ƙasashe 14 wadda hedkwatarta take Libreville. Kundinta ya fara aiki a 1995. Bisa wannan kundi, wanda ya ɗauki darasi daga dokar Faransa ta 1985 a kan haɗurran mota, ana biyan fasinja ko mai tafiya a ƙasa diyya ba tare da an tsaya tantance kuskurensa ba, sai fa idan shi ya nemi cutar da kansa. Akwai kuma jadawali da ya jera ire-iren karo tsakanin motoci biyu, ya faɗi rabon kowacce: wata ba komai, wata duka, ko rabi da rabi. Direban tirela Bahaushe da ya tashi daga Maraɗi zuwa Kwatano, ko ɗan kasuwa Bahaushe mai mota a Libreville ko Oyem, duk wannan kundi ne yake hukunta su. Idan aka duba da kyau, inshora tana yin aikin da aƙila take yi, wato jama'a su haɗu su ɗauke nauyin kuskuren mutum ɗaya. Jadawalin kuwa ya nuna cewa ana iya rubuta rabon alhaki a matsayin ƙa'ida tun kafin haɗari ya auku.

6.0 Manɗiƙin Zamani

6.1 Manɗiƙin wajibi da hani

Wajen 1670 masanin Jamus Leibniz ya lura cewa dangantakar wajibi da halal da haram daidai take da dangantakar abin da ya zama dole, da mai yiwuwa, da wanda ba ya yiwuwa. A 1951 G. H. von Wright na ƙasar Finland ya buga maƙala a mujallar Mind wadda ta kafa wannan fanni a tsarinsa na yau. Bari mu sa harafin W ya tsaya a madadin "wajibi ne". Idan W(a) yana nufin aikata a wajibi ne, to haram shi ne W(barin a), halal kuma shi ne abin da barinsa bai zama wajibi ba. Da alama ɗaya da korewa an samar da hukunci uku. Malaman usulu sun san irin wannan lissafi, domin sun tattauna ko umarni da abu hani ne ga kishiyarsa, sun kuma kafa ƙa'idar cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi.

A 1963 Roderick Chisholm ya nuna wani rauni a tsarin. A dubi jimloli huɗu: wajibi ne Audu ya je ya taimaki maƙwabcinsa, wajibi ne in zai je ya sanar da shi, in ba zai je ba, kada ya ce masa yana zuwa, Audu kuwa ba zai je ba. Duk mai hankali ya san babu karo a cikinsu. Amma idan aka rubuta su da alamomin tsarin, sai ko dai a fitar da cewa wajibi ne ya sanar kuma wajibi ne kada ya sanar, ko kuma wata jimla ta narke cikin wata. Matsalar ita ce wajibin da ke tasowa bayan an saɓa wa wani wajibi. Fiƙihu cike yake da irinsa: kaffara, ramuwar azumi, sujadar ƙabli da ba'adi, da ita kanta diyya. Duk na'urar da za ta bi doka dole ta san abin da ya kamata ta yi bayan an riga an karya dokar.

6.2 Manɗiƙin aikatawa

A 1988 Nuel Belnap da Michael Perloff suka gabatar da tsarin da aka sani da STIT, wanda John Horty ya haɗa da manɗiƙin wajibi a littafinsa na 2001. Ana ɗaukar lokaci kamar bishiya: abin da ya wuce gangar jiki ce guda ɗaya, abin da ke gaba rassa ne. Zaɓin mutum shi ne ya ware wasu rassa ya bar wasu. Za a ce Audu ne ya aikata abu idan sharuɗɗa biyu sun cika: a duk rassan da zaɓinsa ya bari abin yana faruwa, kuma akwai wani reshe da abin ba ya faruwa a cikinsa. Sharaɗi na biyu shi ya hana a ce Audu ne ya sa rana ta fito. Da wannan ma'auni ana iya bambanta jimlolinmu na baya. A (1) zaɓin Audu ya tabbatar da fashewar tulu. A (5) yana da zaɓin da zai hana, bai ɗauka ba. A (2) kuwa ba a jingina abin ga zaɓin kowa ba. A 2011 Jan Broersen na Jami'ar Utrecht a Holand ya ƙara sani a cikin tsarin domin ya bambanta matakan niyya da dokar laifuka ta sani, waɗanda suka yi kusa da jerinmu na "da gangan", "ganganci" da "sakaci".

6.3 Auna rabon alhaki

Idan hannu ya yi yawa a kan aiki, kowa yana iya cewa ko ba ni abin zai faru. A 2004 Hana Chockler da Joseph Halpern suka ba da hanyar aunawa. A ƙirga sauye-sauye nawa ake buƙata kafin sakamako ya rataya a kan mutum ɗaya, a ƙara 1, sannan a raba 1 da adadin. Misalinsu shi ne zaɓe na mutum 11. Idan an ci 6 da 5, kowane ɗaya daga cikin shidan yana da alhaki cikakke, domin da ya sauya da sakamako ya sauya. Idan an ci 11 da 0, sai mutum 5 sun sauya kafin ƙuri'arsa ta zama mai yanke hukunci, saboda haka rabonsa 1/6 ne. Fiƙihu ya fuskanci wannan tambaya tun zamanin Sayyidina Umar, wanda ya yanke hukuncin kisa a kan wasu mutanen San'a'a da suka haɗu suka kashe mutum ɗaya, bai bari yawansu ya zama mafaka ba. Lissafi ya rage rabon kowa, Umar kuwa ya ɗora wa kowa duka. Wannan ya nuna cewa manɗiƙi yana iya auna gudummawar mutum ga sakamako, amma hukuncin da za a gina a kan awon zaɓi ne na al'umma.

7.0 Giɓin Alhaki

A 2004 Andreas Matthias ya kawo hujjar da ta tayar da ƙura. Ya ce a da, idan na'ura ta yi ɓarna, ko dai maƙerinta ya yi kuskure ko mai aiki da ita. Amma na'ura mai koyo tana sauya halinta bisa bayanan da ta ci karo da su, har ta kai maƙerin ba ya iya hasashen abin da za ta yi, mai aiki da ita kuma ba ya iya juya ta. Tunda ba a kama mutum da abin da ba shi da iko a kansa, sai a sami ɓarna wadda ba ta da mai ita. Wannan shi ya kira giɓin alhaki.

Wasu sun nemi a cike giɓin da ba wa na'ura matsayi a gaban doka. A Fabrairun 2017 Majalisar Tarayyar Turai ta ba da shawarar a duba yiwuwar haka, amma masana da yawa suka yi suka, aka bar maganar. Yarjejeniyar UNESCO ta Nuwamban 2021, wadda ƙasashe 193 suka amince da ita, ta tsaya a kan cewa dole alhaki ya koma ga mutum ko hukumar da doka ta sani. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta ɗora wajibai a kan masu ƙera na'urorin da masu amfani da su. A Fabrairun 2024 wata kotu a Kanada ta ƙi karɓar hujjar kamfanin Air Canada cewa manhajarsa mai hira da abokan ciniki ita ke da alhakin bayanin ƙarya da ta bayar, ta sa kamfanin ya biya. A Nijeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum ikon ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, da neman ɗan Adam ya sake dubawa. Tarayyar Afirka ma ta amince da tsarinta a kan ƙirƙirarriyar basira a Akara cikin Yulin 2024.

Idan aka auna hujjar Matthias da abin da ya gabata, za a ga ta fi ƙarfi a kan laifi fiye da lamuni. Makiyayi ma ba ya iya hasashen inda saniyarsa za ta nufa, amma hakan bai hana a ce ya biya ɓarnar dare ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sai dai akwai wurare uku da ƙiyasin yake rauni. Na ɗaya, saniya ba ƙirar mai ita ba ce, na'ura kuwa mutane ne suka zaɓi bayanan da ta koya da iyakar da aka sa mata, saboda haka ta wannan fuska ta fi kama da rijiyar da aka haƙa a kan hanya. Na biyu, manomi yana bin sawu har ruga, ya kai ƙara wajen mai gari ko arɗo, amma wanda manhaja ta hana shi rance ko ta ɓata masa suna bai ma san ƙasar da mai ita yake ba. Na uku, ƙa'idar shari'a ita ce mai ƙara ya kawo shaida, alhali a nan shaidar tana kulle cikin na'urar wanda ake ƙara. Duk inda wanda abin ya shafa ba ya gani kuma ba ya iya tsare kansa, halinsa ɗaya da manomin da ke barci, kuma hikimar hukuncin dare tana nuna cewa tsaro yana kan mai na'ura.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi tambaya ɗaya daga zauren malamai na Kano da Katsina, zuwa kotunan Faransa da kundin inshora na Libreville, har zuwa manɗiƙin zamani. An ga cewa a duk waɗannan matakai ba a taɓa ɗora alhaki a kan dabba ko mota ba, kullum ana neman mutumin da iko ko amfani ko gargaɗi ya isa gare shi. An kuma ga cewa aikin manɗiƙi shi ne ya fayyace sharuɗɗa, ya tona karon da ke cikin dokoki, ya hana a ɓoye mai aiki a bayan jimla.

Ga ɗalibin harshe akwai aiki a nan. Dokoki da sharuɗɗan amfani da manhajoji za su ci gaba da zuwa hannun masu fassara, kuma mai fassarar da ya rubuta "an yi kuskure" a inda asalin ya ambaci mai kuskuren, ko ya sa "ganganci" a gurbin "sakaci", ya sauya hukunci. Yana da kyau ɗalibi ya ɗauki labarin haɗarin mota guda ɗaya daga jaridar Hausa ko rediyo, ya fitar da aikatau da ke ciki, ya nuna giredin kowanne, sannan ya faɗi wanda kowace jimla ta ɗora wa alhaki da wanda ta sauke wa.